Tarihin Bandeirante: Yadda Birazil Ta Fara Ƙera Jirgin Fasinja Na Kanta



Duk wanda ya saba bin filayen jirgin sama na Legas, Abuja ko Fatakwal ya san ɗan siririn jirgin nan mai ɗaukar mutum 50, wanda injinansa biyu ke maƙale a wajen wutsiya, kujerunsa kuma ɗaya a hagu biyu a dama. Sunansa ERJ-145, kuma kamfanoni irin su Air Peace da United Nigeria sun yi jigilar fasinja da shi a ƙasar nan. Yawancinmu mun ɗauka daga Amurka ko Turai ya fito. A Birazil aka ƙera shi, ƙasar da muka fi sani da ƙwallon ƙafa da noman rake. Yau za mu waiwayi yadda ƙasar da ake lissafa ta cikin masu tasowa, kamar tamu, ta kai ga kamfaninta Embraer ya zama na uku a duniya wajen ƙera jiragen fasinja, bayan Boeing da Airbus.

Makaranta aka fara ginawa

Tun a shekarun 1930 da 1940 an buɗe ƙananan masana'antun jiragen sama a Birazil, amma yawancinsu ba su yi tsawon rai ba. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta cika kasuwa da ragowar jiragen soja a farashi mai rahusa, na gida suka rasa mai saye. Wani hafsan sojan sama, Casimiro Montenegro Filho, ya lura cewa matsalar ta wuce ta kasuwa: ƙasar ba ta da injiniyoyin da za su zana jirgi tun daga tushe. Ya je ya ga yadda ake koyarwa a shahararriyar cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka, sannan a 1945 aka gayyato wani farfesanta, Richard Smith, ya tsara musu makamanciyarta.

A 1950 aka kafa makarantar injiniyan jiragen sama mai suna ITA, tare da cibiyar bincike ta sojan sama, a garin Sao Jose dos Campos na jihar Sao Paulo. Karatu kyauta ne, amma jarrabawar shiga tana da tsauri ƙwarai, kuma an ɗauko malamai daga ƙasashe da dama. A shekarun 1950 har an kawo Bajamushen nan Henrich Focke ya jagoranci aikin wani jirgi da ake son ya riƙa tashi tsaye kamar mai saukar ungulu. Aikin bai kai ko'ina ba, amma samarin da suka yi shi tare da shi sun fita da ilmin da bai ɓata ba. Shekara 18 aka yi tsakanin buɗe makarantar da tashin jirgin da za mu yi bayani a kai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Buƙatar da manyan kamfanoni suka raina

Faɗin Birazil ya ninka na Najeriya fiye da sau tara, kuma babban ɓangarenta dajin Amazon ne, inda hanyar mota ba ta kai ba. A ƙarshen shekarun 1950, garuruwa fiye da 300 ne jirgin fasinja ke sauka a cikinsu, yawanci tsofaffin jiragen DC-3 masu jure sauka a kan jar ƙasa. Da kamfanonin sufuri suka koma sayen manyan jirage masu buƙatar dogon titi mai kwalta da fasinjoji masu yawa, sai aka riƙa yanke ƙananan garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Zuwa tsakiyar shekarun 1970 waɗanda suka rage ba su kai 100 ba.

Wanda ya fi kowa ganin wannan giɓi shi ne Ozires Silva, matuƙin jirgin sojan sama da aka haifa a 1931, wanda ya yi aiki a yankin Amazon kafin ya shiga ITA ya kammala a 1962. A 1965 aka ba shi jagorancin aikin ƙera ƙaramin jirgi mai farfela biyu, mai ƙwari, marar wuyar gyara, wanda zai iya sauka a gajeren fili. Wani Bafaranshe mai zanen jirage, Max Holste, ya shiga aikin. Ba su tsaya cewa sai sun ƙera komai da kansu ba. Injin ma daga Kanada suka sayo shi, samfurin PT6 na kamfanin Pratt & Whitney. Abin da suka riƙe a hannunsu shi ne zanen jirgin, gangar jikinsa, da haɗa shi.

Ranar 22 ga Oktoba, 1968, jirgin gwaji na farko ya tashi. Aka sa masa suna Bandeirante, sunan da ake kiran mutanen da suka riƙa kutsawa cikin dazuzzukan ƙasar a zamanin mulkin Fotugal.

Wa zai sa kuɗinsa?

Jirgi ya tashi, amma masana'antar da za ta ƙera shi da yawa babu. Attajiran ƙasar da aka tuntuɓa suka noƙe, don ba su ga alamar riba ba. Kamar yadda Ozires Silva ya sha bayar da labari, wata rana a 1969 rashin kyawun yanayi ya tilasta wa jirgin shugaban mulkin soja na lokacin, Costa e Silva, sauka a Sao Jose dos Campos ba shiri. Shi kuma bai bar damar ta wuce ba, ya zagaya da shugaban ya nuna masa aikin. Ranar 19 ga Agusta, 1969, aka sa hannu a dokar kafa Embraer, Ozires Silva ya zama shugabansa na farko.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu duba da kyau, domin matakan da gwamnati ta ɗauka su ne suka raya jaririn kamfanin.

Na farko, gwamnati ta riƙe kashi 51 cikin ɗari na ikon kamfanin, sannan ta yarda kowane kamfani a ƙasar ya cire kashi ɗaya cikin ɗari na harajin da zai biya ya sayi hannun jarin Embraer da shi. Ta haka kuɗin 'yan kasuwar da suka ƙi sa hannu da farko suka shigo ba tare da sun ji zafi a aljihu ba.

Na biyu, rundunar sojan sama ta zama mai saye na farko. Ta yi odar Bandeirante guda 80, ta kuma ba kamfanin aikin haɗa jiragen horo 112 na kamfanin Aermacchi na Italiya bisa lasisi. Daga Italiyawan ne ma'aikatan suka koyi yadda ake ƙera jirgi ɗaya bayan ɗaya a kan layi, kowane daidai da ɗan uwansa, wanda ilmi ne dabam da na zane.

Na uku, a 1974 aka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Piper na Amurka don haɗa ƙananan jiragensa a cikin gida, aka kuma ɗaga harajin shigo da irinsu daga waje zuwa kashi 50 cikin ɗari.

Na huɗu, a 1975 aka raba ƙasar gida biyar, aka ba kowane yanki kamfanin sufurin da zai riƙa zuwa ƙananan garuruwa, aka ɗora ƙarin kashi uku cikin ɗari a kan tikitin manyan hanyoyi don tallafa musu. Jirgin da waɗannan kamfanoni suka fi amfani da shi kuwa Bandeirante ne.

An fara miƙa jiragen a 1973, aka kuma riƙa tsawaita su har suka kai ɗaukar fasinja 15 zuwa 21. Yurugwai ce ƙasar waje ta farko da ta saya, a 1975. Sai kuma aka yi sa'a: a 1978 hukumar kula da sufurin sama ta Amurka ta ba jirgin takardar shaidar inganci, kuma a shekarar ce Amurka ta sassauta dokokin sufurin jiragenta. Manyan kamfanoni suka janye daga ƙananan garuruwa, ƙanana suka fito neman jirgi mai araha da juriya. Cutar da Birazil ta yi wa magani a gida ita ce ta ɓulla a Amurka, maganin kuwa yana hannunta. Kafin a daina ƙera Bandeirante a 1990 an yi kimanin 500. Magajinsa mai suna Brasilia, mai ɗaukar mutum 30, ya tashi a 1983, shi ma an sayar da kimanin 350.

Tuntuɓen da ya kusa kai shi ƙasa

Nasara takan sa mutum ya manta da abin da ya kawo ta. A ƙarshen shekarun 1980 Embraer ya haɗa kai da Ajantina don ƙera wani jirgi mai suna CBA-123, mai kujera 19, wanda aka cika shi da sabbin na'urorin zamani. Ya tashi a watan Yulin 1990, masana suka yaba, amma tsadarsa ta wuce abin da mai ƙaramin kamfanin sufuri zai iya biya. Biyu kawai aka ƙera na gwaji, ba a sayar da ko ɗaya ba. Wannan ya zo daidai da lokacin da hauhawar farashi ta addabi Birazil, gwamnati ta tsuke bakin aljihu, cinikin jiragen soja ya ja baya. Bashi ya yi wa kamfanin katutu, aka sallami dubban ma'aikata.

Aka sake kiran Ozires Silva a 1991, bayan ya bar kamfanin tun 1986, don ya shirya sayar da shi. Ranar 7 ga Disamba, 1994, aka sayar da Embraer ga wani rukunin masu zuba jari da ya haɗa da banki da asusun fansho na ma'aikata. Gwamnati ta riƙe wani hannun jari na musamman da ya ba ta ikon hawa kujerar na ƙi a kan manyan al'amura, kamar sauya masu mallakar kamfanin.

Abin da ya cece shi shi ne ERJ-145 da muka ambata a farko. An gina shi a kan abin da aka riga aka sani daga Brasilia, kuma saboda rashin kuɗi aka jawo kamfanonin Sifaniya, Beljiyam, Chile da Amurka, kowa ya ƙera wani sashe da jarinsa, a raba riba ko asara. A 1996 kamfanin Continental Express na Amurka ya yi odar 25 tare da damar ƙara 175. Daga ƙarshe an ƙera fiye da 1,200 na wannan dangi.

Kwana ɗaya tsakani

Akwai abin lura game da ranar da ERJ-145 ya fara tashi, wato 11 ga Agusta, 1995. Ana gobe, ranar 10 ga wata, a birnin Bandung na Indunusiya, wani jirgin mai kujera 50 ya yi nasa tashin na farko. Sunansa N-250, aikin injiniya B.J. Habibie, wanda daga baya ya shugabanci ƙasar. Jirgi ne mai farfela da na'urorin sarrafawa na zamani, 'yan ƙasar suka yi ta murna. Sai dai dogaronsa kacokan a kan baitulmalin gwamnati yake, kuma bai riga ya samu takardar shaidar inganci ba. Da tattalin arzikin Asiya ya girgiza a 1997, Indunusiya ta nemi rancen asusun IMF, cikin sharuɗɗan da ta sa wa hannu a Janairun 1998 har da daina ba masana'antar kuɗi. Nan aikin ya tsaya. Yau jirgin farko na N-250 yana gidan adana kayan tarihi a Yogyakarta. Injiniyoyin Indunusiya ba su gaza na Birazil ba. Bambancin shi ne ɗaya yana da masu saye da ke jira, ɗayan kuwa gwamnati kaɗai ke riƙe da shi. Daga baya Indunusiya ta dawo kan ƙarami, N-219 mai kujera 19, wanda ya tashi a 2017. Da rarrafe yaro kan tashi.

Mu kuma fa?

Matasanmu da yawa ba su san cewa an taɓa haɗa jirgin sama a Kaduna ba. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990, kamfanin AIEP ya haɗa wa rundunar sojan saman Najeriya ƙananan jiragen horo masu kujera biyu guda 60, masu suna Air Beetle, bisa wani zane na Amurka da aka yi wa gyare-gyare. Matakin ya yi kama da wanda Birazil ta taka da jiragen Italiya da na Piper. Inda muka rabu shi ne su sun ɗora a kai, mu kuma ba a biyo da wani jirgin ba. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya tana nan tun 1964, wato ta girmi Embraer da shekara biyar. Amma a Janairun 2021, lokacin da Air Peace ya zama kamfanin farko a Afirka da ya karɓi sabon jirgin E195-E2, daga Sao Jose dos Campos aka kawo shi.

Buƙatar da ta haifi Bandeirante kuwa muna da irinta. Mai son zuwa Maiduguri daga Sakkwato ta sama, yawanci sai ya bi ta Abuja. Abin da tarihin nan ya nuna mana shi ne Birazil ta fara da horar da mutane, ta zaɓi ƙaramin jirgin da ƙasarta ke buƙata, ta sayi abin da ba ta iya ƙerawa ba tare da jin kunya ba, gwamnatinta ta zama mai saye na farko, kuma gwamnatocin soja da na farar hula suka yi ta sauyawa ba tare da an rufe makarantar ko an watsar da aikin ba. Daga buɗe ITA zuwa tashin ERJ-145 shekara 45 ne. Yaron da ke ajin kimiyya a sakandare yau shi ne zai iya zama a wurin da Ozires Silva ya zauna, in an samar masa makaranta mai inganci da aikin da zai tarar idan ya fito.

Muna sauraron ra'ayoyinku, musamman waɗanda suka yi aiki a harkar jiragen sama ko suka ga zamanin Air Beetle da idonsu.