Yadda Likitoci Suka Gano Lalurar Yaro Mai Ƙiriniya

Jama'ar Mpape,

Kusan kowane layi a unguwar nan akwai yaron da muke kira mai kunnen ƙashi: ba ya zama wuri ɗaya, a aike shi ya manta saƙon, a aji kuma bulala ce rabonsa. Likitoci sun fi shekara 200 suna nazarin irinsa.

A 1798 wani likita ɗan Sukotland, Alexander Crichton, ya rubuta cewa akwai waɗanda tun suna ƙanana hankalinsu ba ya tsayawa kan abu guda. A 1902 likitan yara George Still ya kawo bayanin yara 43 a Landan, waɗanda ba sa iya kame kansu, alhali wasunsu daga gidajen tarbiyya suka fito. A 1937 Charles Bradley ya lura a Amurka cewa wani magani ya natsar da irinsu, karatunsu ya gyaru. Sunan ADHD kuwa sai a 1987 ya shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka.

Yau an san lamarin daga ƙwaƙwalwa yake, kuma yakan bi jini. Idan yara suka tambaya, mu ce musu kan ɗan'uwansu kamar tashar mota yake: kowane kwandasta na kiransa lokaci guda, ya rasa wanda zai saurara.

Ba kowace ƙiriniya ce ADHD ba, likita ne mai tantancewa. Amma mu da muke zaune tsakanin tifofi da ramukan fasa dutse masu cike da ruwa, yaron da ke aikatawa kafin ya yi tunani ya fi buƙatar sa ido da ganin likita fiye da bulala.

Allah Ya shirya mana zuri'a.