Zaman Waƙafi da Hukuncin Ɗauri a Masarautun Arewacin Nijeriya, 1903-1968

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda matsayin kurkuku ya sauya a masarautun Arewa tun daga zuwan Turawa har zuwa lokacin da aka karɓe gidajen yari daga hannun En'e. Za a fi mai da hankali ga mutumin da ke tsare yana jira, ko dai jiran shari'a, wanda ake kira waƙafi, ko kuma jiran a zartar masa da hukuncin da aka riga aka yanke. Tarihinmu ya fi yawan maganar sarki da alƙali, shi kuwa wanda ke cikin mari ba safai ake waiwayarsa ba.

2.0 Kurkuku Kafin Zuwan Turawa

A tsarin mazhabar Malikiyya, wanda Daular Usmaniyya ta bi, manyan hukunce-hukunce su ne haddi da ƙisasi da diyya da ta'aziri. Yawancinsu a jikin mai laifi ko a dukiyarsa suke sauka, kuma a rana guda ake gama su. Ɗauri yana nan, amma gurbinsa kaɗan ne. Akan tsare wanda ake bi bashi har a tabbatar da ko yana da halin biya. Akan tsare wanda ake tuhuma da kisa har magadan mamaci su hallara su zaɓi ƙisasi ko afuwa. In sun yafe, sai a yi masa bulala 100 da ɗaurin shekara guda. Ke nan a bisa ƙa'ida kurkuku zaure ne da ake ratsawa, a fita ko dai zuwa gida, ko zuwa hannun hauni a bakin kasuwa.

Sai dai ƙa'ida daban, aiki daban. Bayan da Turawa suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Gwamna Lugga ya shiga kurkukun birnin, ya kuma bayyana shi a rahotonsa na shekara. Ya ce ɗakuna biyu ne, kowanne tsawonsa ƙafa 17, faɗinsa ƙafa 7, ba su da mafitar iska sai wata 'yar ƙofa da ba ta kai ƙugu ba. Mutum 135 ke kwana ciki, wani lokaci har 200. In aka lissafa, kowane mutum bai sami murabba'in ƙafa biyu ba. A gindin bangon da ya raba ɗakunan akwai ramukan da ake zura ƙafafun waɗanda aka yanke wa kisa. Da rana akan fito da fursunoni wani ɗan fili su dafa abincinsu. Wajibi ne manazarci ya tuna cewa mai wannan rahoto yana neman hujjar yaƙin da ya yi. Duk da haka bayanin ya nuna cewa mutum na iya mutuwa a wurin jira tun kafin hukuncinsa ya iske shi.

3.0 Ɗauri Ya Zama Hukunci

Dokokin kotunan gargajiya na 1900 da 1906 sun bar alƙalai a kan buzunsu, amma sun hana yanke hannu da duk horon da Turawa suka ga ya saɓa wa tausayi. Ɓarawon da a da zai rasa hannu sai ya koma ɗaurin shekaru. Da haka kurkuku ya zama shi ne hukuncin kansa, fursunoni suka yawaita, tilas aka gina sababbin gidaje, kamar na Kurmawa a Kano a 1910. Yari da dogarai suka shiga albashin Baitulmali, fursunoni kuma suka zama ma'aikatan En'e na kyauta, su ne shara, su ne ɗaukar kaya da aikin gini.

Wannan tsari ya haifar da sabon jira. An kasa kotuna daraja huɗu, daga A zuwa D, kuma masu daraja ta A kaɗai, wato kotunan manyan sarakuna da wasu alƙalan alƙalai, ke da ikon yanke kisa. Ko su ma ba a zartarwa sai takardar shari'ar ta bi ta ofishin Razdan, Gwamna ya sa hannu. Babu shakka wannan ya ceci wasu rayuka. Amma wanda aka yanke wa hukunci yakan zauna cikin sasari bai san ranar da amsa za ta zo ba, bai kuma san harshen da aka rubuta maganarsa da shi ba.

4.0 Karo Tsakanin Dokoki Biyu

A 1947 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta saurari ƙarar Tsoho Gubba da En'e ta Gwandu. Kotun sarki ta yanke masa kisa bisa Malikiyya, alhali a dokar Turawa tunzurawar da aka yi masa za ta rage laifin. Kotun ta soke hukuncin. Daga nan ran mai laifi ya rataya ga tambayar wace doka za a bi, aka yi ta gyare-gyare shekaru da dama, masu jira na jira.

Siyasa ta ƙara dagula lamarin. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950, waƙafi ya zama makami a hannun wasu mahukunta. Akan kama ɗan adawa da laifin yin lacca ba izini ko zagin sarki, a hana shi beli, ga shi lauya ba ya tsayawa a kotun alƙali. Hajiya Gambo Sawaba kaɗai an ruwaito cewa an ɗaure ta sau 16.

A 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta kira kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan. Shawararsu ce ta haifar da Dokar Final Kod ta 1959 da dokar tsarin shari'ar laifuffuka, waɗanda suka fara aiki a 1960. Bayan faɗuwar Jamhuriya ta Farko aka soke kotunan sarakuna, kuma a watan Afrilu na 1968 Gwamnatin Tarayya ta karɓi gidajen yarin En'e.

5.0 Kammalawa

An ga yadda kurkuku ya tashi daga wurin jiran hukunci ya zama hukunci, da yadda kowane gyara ya toshe wata ɓaraka ya kuma tsawaita jira. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta ƙayyade wa umarnin waƙafi na farko kwana 14, amma alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali a farkon shekarun 2020 sun nuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku na tsararru ba a yanke musu hukunci ba. Don haka ya kamata manazarta su koma ga littattafan alƙalai da rajistar gidajen yarin En'e da ke Ma'adanar Tarihi ta Kaduna, su ƙidaya kwanakin da ke tsakanin kamu da hukunci, domin a san tun yaushe wannan ciwo ya fara.