Sabara da Masu Rubuta Sunanta

A unguwar Bololo ta Njamena, tsofaffin Hausawa sun san sabara tun birnin yana amsa sunan Fort Lami, kafin a sake masa suna a 1973. Yaran yau kuwa da yawa sukan ruɗa ta da geza.

Gane ta ba wuya. Sabara gajeren itace ne mai rassa da yawa daga gindi. Ganyenta fari-fari ne kamar an barbaɗa masa toka, in an juya bayansa sai a ga ɗige-ɗige baƙaƙe. Furenta rawaya-rawaya ne, dunƙule kamar ƙaramar ƙwallo. 'Ya'yanta dogaye ne masu gashi mai laushi, na geza kuwa masu fukafukai huɗu ne.

Sunan da masana suka ba ta, Guiera senegalensis, an kafa shi a 1791, an kuwa ɗauko shi daga bakin mutanen Sanagal. Daga baya Bafaranshe Auguste Chevalier ya bi kogin Shari zuwa tafkin Cadi daga 1902 zuwa 1904 yana tara tsire-tsire. Likita Dalziel, wanda ya fara aikin mishan a ƙasar Sin kafin ya zo Nijeriya, ya buga littafin sunayen itatuwa da Hausa a 1916. Abin da manoma da masu magani suka riƙe a ka shi ya sa a takarda.

Amfaninta ya bayyana sosai a Maradi. A 1983 ɗan mishan na SIM, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara suna da saiwa mai rai. Bayan yunwar 1984 manoma suka soma barin 'yan rassa su girma, sabara na cikin itatuwan da suka fi tohowa. Ta tare iska, ta riƙe ƙasa, ta ba mata itacen girki. Njamena ma ta san zafin rashin makamashi a 2009, sa'ad da gwamnati ta hana gawayi domin ceton daji.

Littafin Farawa ya nuna Allah ya sa mutum a gona domin ya yi aikinta, ya kuma kiyaye ta. Wanda bai gane itace ba, ta yaya zai kiyaye shi? Ya kamata iyaye da malaman ikilisiya su nuna wa yara bayan ganyen sabara tun tsofaffi suna da rai.