Marsandi a garin Fijo

Jama'a, musun nan na wace tsohuwar Marsandi ce ta fi, 230E ko V-boot, yana da tarihin da ya shafe mu a Kaduna.

A 1975 kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a nan Kakuri. Ranar 13 ga Fabrairu 1976 aka harbe Janar Murtala a Legas cikin baƙar Marsandinsa, motar na nan a gidan tarihi har gobe. Gwamnatin Obasanjo ta mayar da 504 motar jami'anta. Sai aka raba gari: Fijo ta ma'aikaci, Marsandi ta Alhaji.

Jerin W123, inda 230E ta fito, an ƙera shi daga 1976 zuwa 1986, kusan mota miliyan 2.7. V-boot, wato W124, ta biyo baya a ƙarshen 1984. Da SAP ta zo a 1986 naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari mai albashi, muka koma 'yar Kwatano. Masaƙun Kakuri ma suka bi, KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007.

Ni dai 230E nake so, don bakanike a Sabon Tasha zai kwance ta da sifana, ba sai an jona kwamfuta ba. Amma wallahi abin na ci min rai. Iyayenmu da hannunsu suka haɗa mota a Kakuri, mu kuma muna musu kan wadda Turawa suka gama yayinta. Wa zai dawo mana da wannan aikin?