Rubutacciyar Waƙar Siyasa a Ƙasar Hausa: Daga Gwandu Zuwa Zamanin NEPU

Rubutacciyar waƙar siyasa reshe ce ta adabin Hausa da marubuta suka yi amfani da ita wajen jan kunnen masu mulki da wayar da kan talakawa game da haƙƙinsu. Ta fi bunƙasa a shekarun 1950, amma tushenta ya girmi zuwan Turawa.

A yankin da ake kira Jihar Kebbi a yau, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu, wanda masarautarsa ke da mazauni a Birnin Kebbi yanzu, ya soki shugabannin da suka karkata ga son duniya bayan jihadi, a waƙoƙinsa na Larabci da ke cikin Tazyinul Waraƙati. A Liya'ul Hukkami kuma ya shimfiɗa sharuɗɗan mulki na adalci.

Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, wannan gado ya sami sabon fage. A lokacin, kotunan alkalai da 'yan doka da gidajen yari suna hannun hukumar En'e, kuma 'yan adawa sun sha ɗauri da bulala. Jarida ba ta isa ga mafi yawan talakawa, amma waƙa ana rera ta a dandalin lacca, a haddace ta, a kai ta kasuwa da ƙauye. Ana iya ƙwace takarda, amma ba a iya ƙwace abin da ke cikin ka.

Sa'adu Zungur na Bauchi ya rubuta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, inda ya gargaɗi sarakuna su gyara kafin zamani ya ture su. Mudi Sipikin na Kano ya mayar masa da martani da Arewa Jumhuriya Kawai. Daga ƙasar Gwandu kuwa aka sami Alhaji Aƙilu Aliyu, haifaffen Jega a 1918, ɗan NEPU wanda ya zauna a Maiduguri da Kano, ya kuma shugabanci ƙungiyar marubuta ta Hausa Fasaha. An tattara wasu waƙoƙinsa a littafin Fasaha Aƙiliya.

Sojoji sun haramta jam'iyyu a 1966, sai dai waƙoƙin sun ci gaba da zama a bakin jama'a. Har yau ana nazarinsu a sassan koyar da Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato.