Daga Kwalin Taba Zuwa Gidan Tarihi: Katunan 'Yan Wasan Besbol na Ƙarni na 19

Gabatarwa

Besbol wasan Amurkawa ne da ake dukan ƙaramar ƙwallo da gora. Wannan maƙala za ta waiwayi tarihin ƙananan katuna masu ɗauke da hotunan gwanayen wasan na farko, domin ganin yadda takardar talla ta zama abin rububin attajirai.

Asalin Katunan

A shekarar 1869 kantin Peck & Snyder na birnin New York ya buga katin talla mai hoton ƙungiyar Cincinnati Red Stockings, wadda ita ce ta fara biyan dukkan 'yan wasanta albashi a fili. Sai dai kamfanonin sigari ne suka yayata al'adar. Kwalin taba na wancan zamani ba shi da ƙwari, saboda haka akan cusa ɗan kati a ciki don kada karan taba ya karye. Daga 1886 zuwa 1890 kamfanin Goodwin ya fitar da jerin Old Judge, mai hotunan 'yan wasa fiye da 500. A ɗakin mai hoto aka ɗauke su, har akan rataye ƙwallo da zare don ta yi kama da wadda aka jefo. Cikinsu akwai Cap Anson na Chicago, da King Kelly wanda ƙungiyar Boston ta saya kan dala 10,000 a 1887. Da manyan kamfanonin taba suka haɗe a 1890, gasar talla ta lafa, katunan kuma suka ja baya.

Adanawa

Mafi yawan mashaya taba yar da katin suke yi, abin da yara suka tsinta kuwa ya lalace a aljihu. Wannan ne ya sa suka yi wuyar samu. Mutumin da ya ceto tarihinsu shi ne Jefferson Burdick, ma'aikacin masana'anta a garin Syracuse. A 1939 ya wallafa kundin da ya rarraba katunan gida-gida, lambar 172 da ya ba Old Judge kuwa har yau da ita ake kiran jerin. Ya sadaukar da katuna da takardun talla kimanin 300,000 ga gidan tarihi na Metropolitan, ya yi shekaru yana liƙa su da hannunsa duk da ciwon gaɓoɓi, ya kammala jim kaɗan kafin rasuwarsa a 1963. Lalle mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Kammalawa

A 2009 an sayar da ɗaya daga katunan 1869 kan dala 75,000 da 'yan kai. Amma darajarsu a wurin manazarci ta wuce kuɗi, domin da yawa daga 'yan wasan Old Judge ba a san kamanninsu ba sai ta wannan ɗan kati. Da kowa ya yar da nasa, da sunayensu kaɗai suka rage a jadawalin wasa.