Alluna Masu Ninki

Duk wanda ya tashi a Gozaki ko Malumfashi ya san allo, ko da bai taɓa riƙe shi ba. Daga Larabci muka aro kalmar, ita ce kuma muke karantawa a Littafi Mai Tsarki: allunan dutse biyu na Musa, da allon da Zakariya ya nema domin ya rubuta sunan ɗansa.

Helenawa da Romawa suna da irin nasu, katako biyu ɗaure da juna, an shafe cikinsu da kakin zuma, a yi rubutu da tsinke, a rufe. Sunansa diftik: "di" biyu ne da Helenanci, "ptukhe" kuwa ninki. Daga nan aka sami tiriftik mai alluna uku, da foliftik mai alluna da yawa.

Tun kafin kalmar ta koma ta masu zane, ikkilisiya tana aiki da ita. A diftik ake rubuta sunayen masu rai da na matattu, a karanta su lokacin Jibin Ubangiji. Wanda aka goge sunansa, an fitar da shi daga zumunci ke nan. Yohanna Bakin Zinariya, bishop na Kustantiniya, ya rasu a kore a shekarar 407, ba sunansa a allon birninsa. Ikkilisiyar Roma ta ƙi zumunci da Kustantiniya har sai da aka mayar da shi. Wani zai ce rigima ce kan guntun katako, amma mutanen nan sun san wanda aka daina ambata a addu'a, mantuwa ce ke jiransa.

Daga baya alluna suka ɗauki hotuna. A Habasha sun yawaita zamanin Sarki Zara Yakob, wanda ya hau gadon sarauta a 1434. Akwai ƙanana da mutum ke ratayawa a wuya.

Wanda ya fi daɗewa a raina shi ne na Isenhayim, wanda Matiyas Gurunewal ya zana tsakanin 1512 da 1516 domin wani asibitin sufaye. Majinyatan wurin, da yawansu gurɓataccen hatsi suka ci, wata cuta mai ƙuna ta cinye musu fata da gaɓoɓi. In allunan suna rufe, Almasihu suke gani a kan gicciye, jikinsa duk miki kamar nasu. Sai ranakun idi ake buɗewa, haihuwa da tashi daga matattu su bayyana. Yau yana gidan tarihi a Kolmar ta ƙasar Faransa, an rarraba allunan domin baƙo ya ga dukansu a yini guda.